Wa yake saka wa fim lambar shekaru, kuma da wane mudu yake awo?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi haƙuri da tsawon bayanin, raina ne har yanzu bai gama hucewa ba. Daren Juma'ar nan aka kawo mana wuta a Rijiyar Zaki bayan kwana biyu babu, yara suka ce za su kalli fim a dish. Na duba kusurwar allo na ga an rubuta 13, da wasu haruffa biyu, V da L. Hanan shekararta 14, na ce to ai ta wuce, ƙannenta ma su zauna. Surukata ta zo daga Gwarzo ganin likita, tana kan darduma a falon tana jan carbi. Na shiga kicin kwashe tuwo. Ban yi minti goma ba na ji Hajiya ta ce "A'uzu billahi!" da ƙarfi. Na fito da mara a hannu, na tarar da namiji da mace a allo, ba su tuɓe ba dai, amma baki cikin baki, kuma abin ya ƙi ƙarewa. Rimot ranar ya ga dama ya ƙi aiki, sai da na je na zare soket. Hajiya ta ɗauki butarta ta fita tsakar gida, har muka kwanta ba ta ƙara cewa uffan ba. Abban Hanan da ya dawo, ni ya ɗora wa laifin.

Tambayata ita ce, wane ne yake zama ya yanke cewa wannan fim na ɗan shekara 13 ne? Gwamnati ce ko masu fim ɗin? Su 'ya'yansu ba irin namu ba ne?

DanFagge77:
Wa alaikumussalam. Hajiya kin yi ganganci gaskiya. Ni a gidana duk fim ɗin da na ga farar fata a ciki, ko 5 aka rubuta, sai na fara kallo ni kaɗai.

Maman_Hassana:
Wallahi rimot munafuki ne, ba ya tashi mutuwa sai irin wannan lokacin. Ni a gaban babana ta taɓa faruwa da ni, na duƙa kamar ina neman ɗan kunnena a ƙarƙashin kujera har aka wuce wurin.

Dalibin_Jarida:
Anti, bari in ɗan taɓa abin da na sani, mun yi shi a aji. Lambar da kika gani mai haruffa a gefe irin ta Afirka ta Kudu ce, don tashoshin dish da yawa daga can ake haɗo mana su. V na nufin akwai duka da harbi da jini. L na nufin ashar da maganganun banza. Da sun ga akwai kwanciya da sun saka S, da akwai tsiraici da sun saka N. Ba su saka ko ɗaya ba saboda a awonsu sumba ba ta kai a yi gargaɗi a kanta ba. Ba ƙarya suka yi miki ba, mudunsu ne daban.

Na Amurka kuwa, wanda aka fi sani, G da PG da PG-13 da R da NC-17, ba gwamnati ce ke bayarwa ba ko kaɗan. Ƙungiyar manyan kamfanonin fim ce, MPA, ta ƙirƙiro shi a 1968 lokacin da Jack Valenti yake shugabanta, don kada gwamnatocin jihohi da birane su riƙa yanka musu fim kowa yadda ya ga dama. Suna ɗaukar wasu iyaye a Los Angeles, su zauna su kalli fim daga farko har ƙarshe, su tattauna, su kaɗa ƙuri'a. Tambayar da suke amsawa guda ce: me yawancin iyayen Amurka za su ce a kan wannan? Babu wanda ya tambayi Hajiya ta Gwarzo.

Abu_Safwan:
To ai shi ke nan, an gama magana. Mutanen da 'yarsu za ta kawo saurayi har ɗaki uban ya ba shi hannu, su za su auna mana abin da yaro zai gani? Duk inda kuka ga 18 batsa ce kawai aka yi wa suna, 13 kuma ƙaramar batsa.

Bakano_a_Leeds:
@Abu_Safwan, Malam a nan kam ba haka ba ne. Fina-finai da yawa da aka ba 18 ko hannun mace ba a taɓa ba a ciki, yankan mutane ne ko azabtarwa ko shan ƙwaya ya kai su can. Na batsa zalla a Ingila ajinsa daban, R18, ba a ma sayar da shi sai a shaguna masu lasisi na musamman.

Hukumar nan sunanta BBFC, tun 1912 take. Ajinta su ne U, PG, 12A, 12, 15, 18. Abin da ya bambanta su da Amurka shi ne ƙarfin dokar. A Amurka fim mai R, yaro ɗan ƙasa da 17 zai shiga idan babba ya rako shi. A nan idan an ce 15, ko da ubanka da kakanka ka zo ba za ka shiga ba in ba ka kai ba. Da idona na ga an mayar da wani saurayi mai gemu-gemu daga bakin ƙofa don ba shi da katin shaida, abokansa suka shige suka bar shi riƙe da gugguru. 12A ce kaɗai mai sassauci, an kawo ta a 2002, ɗan ƙasa da 12 zai iya shiga tare da babba. Kuma kafin fim ya fara sai an nuna baƙin allo da 'yar gajeriyar jimla: akwai ashar mai ƙarfi, akwai ban tsoro, akwai maganar kashe kai. Ni wannan jimlar ta fi mini lambar amfani nesa ba kusa ba.

DanFagge77:
Amma ita Ummu_Hanan ai laifinta a fili yake, an ce 13 ta bar ɗan shekara 7 a wurin. Doka ta hana.

Dalibin_Jarida:
Yaya DanFagge, wace dokar a cikin falon mutum? Ko a Amurka PG-13 ba hani ba ce, jan kunne ne ga iyaye, yaro zai iya sayen tikiti ya shiga shi kaɗai. Asalinta ma abin mamaki ne. A 1984 aka fitar da wasu fina-finai biyu da Steven Spielberg ke da hannu a ciki, an ba su PG, iyaye suka kwashi ƙananan yara suka tafi. A ɗaya daga ciki wani boka ya zura hannu ya ciro zuciyar mutum tana bugawa. Yara suka yi ta kuka, iyaye suka yi ca. Shi Spielberg ɗin ne ya ba da shawarar a samo wani aji tsakanin PG da R, a watan Yulin shekarar aka fara PG-13. Kun ga ba sumba ce ta haifar da ita ba, jini ne.

Malama_Firamare:
Alhamdu lillahi da ka kawo maganar jini, don nan nake so a tsaya. Mu fa Hausawa sai an taɓa mace muke zabura mu nemi rimot. A yanka mutum goma a gaban yaro, kowa na cin gyaɗarsa. Ummu_Hanan, ki yi haƙuri, ba ke kaɗai ba har ni, amma V ɗin nan da kika gani gargaɗi ne aka yi miki, kika wuce kicin. Da harbin aka ci gaba da yi har fim ya ƙare, da wannan zancen bai taso ba.

Shekara 16 ina koyarwa. A zangon da ya wuce wani yaro ɗan aji uku ya hau kan benci ya diro wa abokinsa da gwiwa a ƙirji, irin na 'yan kokawar talabijin. Sai da aka kai yaron asibiti. Da na tambaye shi, cewa ya yi ai shi wanda ake yi wa a talabijin tashi yake yi. Wata kuma 'yar aji biyu ta yi sati uku ba ta zuwa banɗaki ita kaɗai, har ta yi fitsari a aji, ashe wani fim ɗin Hausa na matsafa ta gani, inda aljana ke fitowa daga masai. Fim ɗin babu rawa, babu taɓa jiki, kowa da mayafinsa. A awonmu tsaf yake.

Maman_Hassana:
Malama kin taɓa inda yake mini ƙaiƙayi. Hussaina har yau in aka ɗauke wuta sai ta ƙanƙame ni, tun wani fim na masu garkuwa da mutane da muka kalla da ita. Ni na kunna da hannuna don na ga na Hausa ne.

Editan_ZooRoad:
Tunda an zo gida bari in saka baki, sana'ata ce, shekara 11 ina haɗa fim. A Najeriya muna da hukuma ta tarayya, NFVCB, da aka kafa da doka mai lamba 85 ta 1993, hedikwatarta na Abuja. Tana da nata ajin: G, PG, 12, 12A, 15, 18, da RE wanda ake taƙaita inda za a nuna shi. A 2024 ma ta fito da ƙa'idar hana ƙawata shan taba da tsafin kuɗi a fim. Sai kuma tamu ta Kano, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001 zamanin Kwankwaso na farko, bayan ƙaddamar da shari'a.

Abin da nake so a gane, aikin iri biyu ne kuma mutane na haɗa su. Akwai tacewa, akwai rarrabewa. Tacewa ita ce a kalli fim a ce cire nan, cire can, sannan ya fita. Rarrabewa ita ce a bar shi yadda yake a ce wannan na manya ne, wannan na kowa. Mu abin da muka saba da shi a nan shi ne na farkon. Furodusa zai dawo mini da 'yar takarda: minti na 23 ɗankwalin ya zame, minti na 41 rigar ta kama jiki, wancan zagin a rufe shi. In zauna in yanke, wani lokaci in nemo hoton titi ko na bishiya in toshe ramin don kada maganar ta yi tsalle. Da ya fito, a idon mai kallo ya zama na kowa da kowa, daga jariri har kaka. Ban taɓa jin ɗan kasuwa ya tambaye ni fim ɗin nan na 'yan shekara nawa ne ba, ko zamanin da ake kai kaset da faifai Ƙofar Wambai.

Su Ingila da ɗan uwa ya ambata, sunan hukumarsu da can na tacewa ne, a 1984 suka mayar da shi na rarrabewa, haruffan dai ba su canja ba.

Abu_Safwan:
To Allah ya ƙara wa hukumarmu ƙarfi. Tacewar ita ce daidai. Abin da yake haramun ga yaro haramun ne ga babba. Mutum ya cika 18 sai Mala'iku su ajiye alƙalami? Ai tun da ya balaga ma suka fara rubutu.

Malam_Kurna:
Abu_Safwan, rabin maganarka gaskiya ce tsantsa: babu lambar da za ta halatta kallon tsiraici, ko mutum ya kai 80. Amma rabin na biyu akwai gyara. Ba duk abin da bai dace da yaro ba ne haramun. Addini da kansa ya rarraba mutane da shekaru. Hadisi ya ce a umarci yaro da salla yana ɗan 7, a hore shi a kanta yana ɗan 10, a raba musu makwanci. A Suratun Nur aya ta 58 an ce yaran da ba su balaga ba su nemi izini a lokuta uku, kafin asuba, da tsakar rana lokacin da ake ajiye tufafi, da bayan isha'i. Aya ta gaba ta ce idan sun balaga su riƙa neman izini kamar manya. Ga mataki-mataki nan.

Ko a zaure haka muke yi. Ba a miƙa wa yaro Mukhtasar ranar da ya zo. Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, a hankali. Babin li'ani, na rantsuwar miji da mata a kan zargin zina, ilimi ne mai tsarki, amma ban taɓa karantar da shi ga ɗan shekara 8 ba. Saboda haka tunanin rarrabewa ba na Turawa ba ne. Mudun ne nasu.

Ummu_Hanan:
Allah ya gafarta Malam, na gode. Malama_Firamare kuma na karɓi laifina, wallahi ban taɓa kawo V ɗin a raina ba, na ɗauka sunan tashar ne.

Tsohon_Dan_Silima:
Ku yara kuna ta lamba-lamba. Mu a zamaninmu lambar ita ce bulalar uba. Plaza, Orion, Eldorado, Wapa, duk na shiga, sama a buɗe, sai an yi isha'i duhu ya yi sannan a haska. A cikin birni a ce da kai ɗan silima zagi ne, ana iya hana ka aure a kansa. Mace mai mutunci ba ta zuwa, yaro kuma sai dai ya sato jiki. Ni na sha hawa katanga, wata rana wandona ya yage tun daga ƙugu, na koma gida ina tafiya da baya-baya, tsohona yana zaure yana jirana da tsumagiya.

Amma akwai abin da nake tunawa. Duk fim ɗin Indiya kafin ya fara sai an nuna wata takarda mai hatimi da sa hannu, rabi da rubutunsu rabi da Turanci. Mu ihu muke yi a cire ta a fara. Sai da na tsufa jikana ya ce mini ai takardar hukumar tace fim ɗinsu ce.

Dalibin_Jarida:
Haka ne Baba. CBFC ake ce mata, tana Mumbai, tana aiki da dokar 1952. U na kowa ne, A na manya zalla, UA kuma yaro ya kalla da kulawar iyaye. A gyaran dokar da suka yi a 2023 sun raba UA gida uku, 7 da 13 da 16. A fina-finansu ne ma ake rubuta gargaɗi a ƙasan allo duk sanda wani ya kunna sigari. Kuma su suna yin duka biyun da Edita ya faɗa, su yanka su kuma saka aji.

MaiTuri_FarmCentre:
Wace takarda kuma? Mu da fim ya iso hannunmu an riga an fassara shi Indiya-Hausa, an datse farkon an saka tallar mai maganin gargajiya. Babu U babu A. Sunan fim ɗin ma an canja masa. Na Indiyan kudu da ake yayi yanzu, wanda mutum ɗaya zai sare arba'in da adda, da yawansu a can ba na ƙananan yara ba ne, a nan kuwa yara ne manyan kwastomominsa, saboda barkwancin masu fassara.

Ku zo ku tsaya a teburina rana ɗaya. Yaro ɗan shekara 10 zai zo da memori a naɗe cikin takardar alawa, ya ce "Yaya a cika mini, na faɗa." Wani wayar babarsa ce, ita ta aiko shi. Shekara shida ina turi, ko sau ɗaya ba a taɓa samun uwa ko uba da ya tako ya ce me kake zuba wa ɗana ba. Ni dai na yi wa kaina doka, akwai folda da ba na buɗe wa wanda bai fara gemu ba, kuma ba na ajiye na banza kwata-kwata. Amma in na hana shi, taku biyar zai yi ya samu a wani teburin.

DanFagge77:
Ku ne matsalar ai. A rufe sana'ar kawai.

MaiTuri_FarmCentre:
A rufe, sai ka ɗauki iyalina ka riƙe. Kuma data da ka saya wa ɗanka ranar salla ni na tura masa? Mu ma yanzu kasuwar ta ja baya, kowa TikTok da YouTube.

Hajiyar_Gwammaja:
Ni duk ba wannan ba. Abban Hanan da ya dawo ya hau faɗa, shi wa ya biya kuɗin dish ɗin? Wa ya zaɓi tashoshin? Maza ku ji tsoron Allah. Mace tana tuƙa tuwo, tana jinyar uwarka, tana gadin allo, hannu nawa gare ta? Batirin rimot ma ba ka saya ba.

Abban_Sadiq:
Hajiya a yi mana afuwa, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wasunmu har cajin rimot muke yi da haƙori.

Maman_Hassana:
Cizon batir! Wallahi har yau maigidana yana yi, wai ƙara masa kwana yake.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya don Allah. Rigimar maza da mata tana da ranarta.

Marubuciya_K:
Ni ta ɓangaren rubutu zan yi magana. Na rubuta labari a kan yarinya 'yar shekara 9 da ɗan uwan babanta ya lalata, gida ya rufe maganar don kada a ji kunya. Abu ne da yake faruwa a unguwanninmu, kowa ya sani. Babu fitowa ɗaya da za a nuna wani abu, duk a fuskar uwar da shirun yarinyar labarin yake. Furodusoshi uku suka karanta suka ce ya yi kyau, amma ba za su zuba kuɗi ba, don fim ɗin Hausa a falo ake kallonsa da yara da surukai, kuma za a ce sun ɓata tarbiyya. Da muna da al'adar a manna 15 ko 18 mutane su girmama, da an yi shi, iyaye su kalla bayan yara sun kwanta. Tunda dole kowane fim ya dace da ɗan shekara 6, shi ya sa kullum muke zagaye a kishiya da gado da soyayya. Kuma abin haushin, su ɗin ma ba su dace da yaran ba. Yarinya ta tashi tana kallon yadda ake kai sunan kishiya wurin boka, wannan wane aji ne?

Abban_Sadiq:
Malama marubuciya, maganarki da nauyi, amma ki zo Kurna ko Rimin Kebe ki ga. Ɗaki ɗaya, mutum takwas, talabijin ɗaya. "Bayan yara sun kwanta" a ina? A gaban allon suke kwana. Kuma wuta ba ta san ƙarfe goma ba, in an kawo ta da la'asar, da la'asar za a yi kallon. Lamba tana aiki ne inda akwai mai tsaron ƙofa. Mu ƙofar ma labule ce.

Dan_Jidda:
Saudiyya ta buɗe gidajen sinima a 2018 bayan kusan shekara 35 a rufe. Sun yi nasu ajin, har da R15 da R18, kuma duk da haka suna yanke abin da bai dace da su ba. Fim ya zama na manya, kuma an tace shi. Ban ga abin da zai hana Kano yin haka ba: tacewar ta tsaya yadda take, sai a ƙara lamba a kan abin da ya wuce, a rubuta da Hausa ƙarara, "akwai zubar da jini", "akwai tsafi da ban tsoro", "akwai maganar aure ta manya". V da L wa ya san su? Ga Ummu_Hanan ta ɗauka sunan tasha ne.

Editan_ZooRoad:
@Dan_Jidda, a wurina aikin minti biyu ne in ɗora wannan rubutun a farkon fim. Matsalar kuɗi ce. Furodusa yana ganin 15 zai ce ka rage masa masu kallo. Ko a Amurka haka ne, kamfani na iya mayar da fim ɗakin edita sau da yawa don ya sauko daga R zuwa PG-13, saboda samari ne kasuwa. Babbar ashar ɗin nan tasu, sau ɗaya ana iya barinta a PG-13, in ta yawaita yawanci sai R, don haka har ƙirga ta ake yi. NC-17 kuwa, da ta maye gurbin X a 1990, gudunta suke kamar annoba, gidajen sinima da yawa ba sa karɓa.

Kuma yanzu kasuwarmu ta koma YouTube, mai dogon zango, duk sati sabon kashi. Kun tuna a watan Mayun 2025 hukumar Kano ƙarƙashin Abba El-Mustapha ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 saboda ana sakinsu ba a kawo an duba ba. Kashin da ake ɗauka ranar Litinin a sake shi ranar Juma'a, a yi tunanin aikin da ke cikin duba kowanne.

Bakano_a_Leeds:
Ƙari a kan maganar mudu: ko su Turawan ba su daidaita ba. Fim ɗaya sai a ba shi R a Amurka saboda tsiraici, a Faransa a ce ɗan 12 ya shiga, wani ma a buɗe wa kowa. Amurkawa sun fi jin zafin ashar da tsiraici, harbi kuwa ba ya ɗaga musu hankali sosai. A nan Ingila duk bayan shekara huɗu zuwa biyar sai hukumar ta fita ta tambayi jama'a me ya dame su yanzu, ta gyara ƙa'idarta. Mu an taɓa tambayar iyayen Kano haka? Ga Malama_Firamare da Abu_Safwan a zaure ɗaya, abin da yake tsorata kowannensu daban.

Auta_2009:
Ni dai ku yi haƙuri, ƙaramin cikinku ne. Duk 'yan ajinmu a YouTube da Facebook 1995 aka haife mu. Ana tambayar shekara, kai ne mai rubutawa. Babana ya saka wa dish lambar sirri, shekarar haihuwarsa ce, a gwaji na biyu na buɗe.

Malam_Kurna:
Auta, to ka je ka faɗa masa ya canja, ka ji? Kuma 2009 ɗin da ke jikin sunanka, ita ce ta gaskiya ko ita ma ta YouTube ce?

Auta_2009:
Ita ce ta gaskiya Malam. Zan faɗa masa in sha Allahu, bayan an gama gasar ƙwallo.

Abu_Safwan:
Na ji bayanin Malam kuma na karɓa. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya: ranar da aka fara manna 18 a fim ɗin Hausa, wasu za su ɗauke ta lasisi. Za a ce ai mun rubuta na manya ne. Yaro kuma da ya ga 18, shi zai fara nema.

Marubuciya_K:
Wannan tsoron ni ma ina da shi, ba zan ɓoye ba. Amma yaron da kake kare wa, yana hannun MaiTuri tun jiya.

MaiTuri_FarmCentre:
A'a Hajiya, a daina jawo sunana, na ce muku ina da folda.

Ummu_Hanan:
Na dawo da rahoto. Na sayi batir. Na shiga saitin dikoda na samu wurin kulle tashoshi da shekaru, na ajiye shi a kan PG, yanzu duk abin da ya haura sai an saka lamba. Hajiya ta huce, jiya ma ita ta ce a kunna mata wasan Hausa, muna cikin kallo aka nuno boka yana yanka baƙin zakara a kan ƙwarya, Walid ɗan shekara 7 ya ɓoye fuska a cinyarta, ita kuwa tana dariya tana cewa ai wasa ne. Na rasa ko in kashe ko in bari. Wannan tashar ba ta nuna kowace lamba, don haka makullin bai kama ta ba.

Hajiyar_Gwammaja:
Tsaya tukuna. Wa ya nuna miki wurin saitin?

Ummu_Hanan:
Hanan ce. Ita ta danna mini lambar ma, idona ba ya gani sosai da dare.

Maman_Hassana:
Innalillahi. 'Yar uwa kin ba kura ajiyar nama.

Abban_Sadiq:
Don Allah mu masu ƙaramar dikoda ta kasuwa, wadda ba a biyan kuɗin wata, akwai wanda ya san inda makullinta yake? Na shiga saitin duk Larabci ne da wani yare, na danna wani abu yanzu tashoshin gaba ɗaya sun ɓace, kuma yau akwai wasa ƙarfe tara.